Ba shi da gida, ba shi da kuɗi: ina zai sami lauya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena ya rasa ɗakin da yake haya, yanzu duk inda dare ya yi masa nan yake kwana. An kama shi bisa zargin yawon banza, mai gidan kuma ya riƙe kayansa saboda bashin haya. Ba mu da kuɗin lauya. Ina mafita?
Wata mai karatu

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Matsala biyu kika kawo, kowace da ƙofarta.

Kamun ya fi gaggawa. Sashe na 14 na yarjejeniyar 'yancin ɗan Adam da siyasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta 1966, ya ce wanda ake tuhuma da laifi kuma ba shi da halin biya, a ba shi lauya kyauta idan adalci ya buƙaci haka, da tafinta idan ba ya jin harshen kotu. Amma ba kasafai ake tayi ba, sai an roƙa. Ya faɗa wa alƙali da bakinsa tun zaman farko. Kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Kada kuma ya amsa laifi don a sallame shi da wuri: tarar da ya kasa biya kan rikiɗe ta zama zaman kaso, sunansa kuma ya shiga kundin masu laifi. Lauyansa na iya kafa hujja da ra'ayin da Kotun Afirka ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta bayar a 2020, cewa dokokin yawon banza sun saɓa wa yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar, ko da yake ra'ayin bai soke dokar kowace ƙasa ba.

Inda mara gida ya fi faɗuwa shi ne adireshi. Ana ɗari-ɗarin ba shi beli don ba a san inda za a same shi ba, sammaci kuma ya tafi tsohon ɗakinsa, ranar zama ta wuce bai sani ba, a yanke hukunci a bayan idonsa. Ki ba da naki adireshin da lambar wayarki, ki nemi wanda zai tsaya masa, ki rubuta lambar ƙara da ranar dawowa kafin ki bar wurin magatakarda.

Maganar kaya shari'ar haƙƙi ce, a nan lauyan gwamnati ya fi wuyar samu. Ki gwada ofishin ba da agajin shari'a, ƙungiyar lauyoyi, ko sashen koyar da lauya na jami'a, inda ɗalibai ke karɓar ƙorafi ƙarƙashin malamansu. Za su tambayi abin da yake samu. Ki je da rasit ɗin haya, takardar tashi idan an ba shi, jerin kayan ɗaya bayan ɗaya, da sunan shaida. Ki ɗauki hotonsu a waya tukuna, ainihin takardun su zauna wurinki. Kada ya fasa ƙofar don kwaso kayansa, sai a ƙara masa sabuwar tuhuma.