Amsa: Ina za a je kallon tsuntsaye da hunturu?

Ɗan'uwa, ka tambayi inda za ka ga tsuntsayen ruwa da sanyin nan ba tare da ka bar ƙasar ba. Nufi fadamar Haɗejiya da Nguru, musamman Dagona da ke yankin Bade a jihar Yobe. Tun shekarar 2000 tafkin Nguru ya shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, wadda ƙasashe suka ƙulla don kare dausayi.

Disamba zuwa Fabrairu ne lokacinsa, sa'ad da agwagin ruwa suka gudo wa sanyin Turai, suka tsallako Sahara suka tarar da 'yan gida: dinya, zalɓe, da kirinjijiya mai farar fuska, wadda za ka ji fitonta tun kafin ka hango garken. Shamuwa kam kada ka sa rai, baƙuwar damina ce.

Ka yi sammako, ka ɗauki rigar sanyi da madubin hangen nesa. Ranar da hazo ya yi kauri, gara ka haƙura. Ka nemi masunci ya sa ka a kwalekwale, don ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, masunta ne suka san inda ake bi. Ka kuma tambayi halin tsaron hanya kafin ka tashi.