Kuɗin kermes ɗin lekol, wa zai riƙe?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. A da lekol ɗinmu duk ƙarshen shekara ana kermes, yara su yi wasan kwaikwayo da langa, mu uwaye mu saida fanke da kunun zaki, yanzu shiru kake ji wai don kuɗin baya ba a ga inda suka shiga ba. Ya za mu dawo da shi? Wata uwa daga Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, wallahi abin ya taɓa ni. Ku fara da kwamitin COGES, don nan iyaye da malamai da dirakta ke zama tare, ku nemi a kira babban taro a tsaida abu guda da za a yi da kuɗin. Ni dai gina aji na fi so, a fidda yara daga rumfar zana, ba mu manta gobarar da ta ci azuzuwan zana a Yamai da Maraɗi a 2021 ba. Kuɗi kuma kar a bar su hannun mutum ɗaya, a ƙirga gaban jama'a a rubuta a allo ko dala ce. Wanda ba shi da jaka ya zo gayyar bulo, tsofaffin ɗalibai kuma ku neme su ta WhatsApp tun kafin hutu.