Ƙarar bayan keken hawa dutse: kar ka yi saurin sayen shokazoba

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na ga tambayarka tun jiya, ka ce kekenka na hawa dutse bayansa na kuka ƙiii ƙiii duk sanda ka faɗa rami, har kana shirin sayen sabuwar shokazoba. Dan Allah dakata tukuna, riƙe kuɗinka. Ni ma nawa ɗan gwanjo ne, ina hawansa daga Yelwa ta Bauchi in bi hanyar Dass ranar Asabar, kuma wannan kukan ya taɓa hana ni sakat.

Abin da na fara yi shi ne kuskuren da kowa ke yi, na samu baƙin mai wajen wani mai gyaran mashin na tsiyaya a duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Kwana biyu shiru, ina ta murna ashe na jawo wa kaina ne, lokacin hunturu ne ƙura ta bi man nan ta manne ta zama kamar yashi, sati uku ba a yi ba ƙarar ta dawo har da ƙwas ƙwas a kai, ta cinye min bushin, wato ɗan zoben da ke cikin idon shokazoba inda noti ke shiga. WD-40, man feshin nan na gwangwani, shi ma haka, wanke datti yake yi, in ka fesa wa boris sai ya kore giris ɗin da ke ciki.

Fara gano inda ƙarar take, don jikin keke maƙaryaci ne wlh, abu na kuka a sirdi kai kana jin sa a taya. Ka hau ka tuƙa a tsaye, in ta ɗauke to sirdi ne ko sandarsa, zare ta ka goge ka shafa giris kaɗan shikenan. In ba ta ɗauke ba sauko, bar tayar baya a ƙasa ka ɗan ɗaga sirdin sama a hankali kana saki. In ka ji ƙwas kamar abu na wasa, bushin ɗin da ke idon shokazoba ne ya cinye, sa yatsa a wajen za ka ji motsin. Sai kuma ka kama tayar ka girgiza ta hagu da dama, nan ko dai boris ɗin tayar ne ko na gaɓoɓin da ke lanƙwasawa.

Ni nawa a gaɓoɓin nan matsalar take. Na kwance shokazobar gaba ɗaya, na riƙa ɗaga bayan keken da hannu ina saukewa, sai na ji yana gurzawa kamar ana niƙa tsakuwa. Kafin ka kwance komai ɗauki hoto da waya, wosha ɗin nan ƙanana in ka juya su sai ka yini kana neman yadda suke. Ka goge kowane noti da mazauninsa tas, giris ɗan kaɗan, ka mayar. Boris ɗin da ya mutu kuma ba ya jin magani sai canji, lambarsa na rubuce a jikin robar gefensa, irin su 6802 ko 6902, da ita za ka je kasuwa ba da baki ba. Na sha yawo tsakanin kasuwar Wunti da ta Muda Lawal kafin in dace, ƙarshe sai da na yi saƙo Jos. Kuma kar ka bari a buga maka shi da guduma kai tsaye, in jikin keken almuniyam ne, ramin da boris ɗin ke zama na buɗewa an gama.

Wajen ɗaurewa ma a bi a hankali da alanki, yawanci ana rubuta ƙarfin ɗaurin kusa da notin, ba sai ka hau kai da ƙarfin tuwo ba.

Ita shokazobar kanta ba ka faɗa mana wace iri ba ce. In mai sifirin ce duba ko sifirin ɗin ya saki yana kaɗawa, murɗa zoben da ke riƙe shi har ya kama. In ta iska ce tana da famfonta daban, na taya ba ya yi, kuma in ka zauna ya kamata ta nutse kamar kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na tsawon tafiyarta. RockShox, kamfanin da ke ƙera shokazoba, sun ce a yi wa gwangwanin iskar sabis duk awa 50 na hawa, da ƙurarmu ta nan kuwa ni ban kai hakan ma. Ka sace iskar duka kafin ka buɗe. Amma in kana jin tsut tsut kamar ana taka laka, ko mai na zubowa, to mai da iska sun gauraya a can ciki, wannan ɓangaren akwai gas mai matsi sosai, kar ka taɓa shi a gida.

Turo mana hoton shokazobar da ɗan bidiyo kana danna sirdin, ka kashe rediyo mu ji ƙarar da kyau.