Tambaya da Amsa: Koyar da Labarin Ƙasa a Firamare

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyar da 'yan aji huɗu. Sun haddace jihohi 36 da manyan biranensu tsaf, amma in na kafa taswira na ce su nuna mini Kaduna, sai su yi zuru. Ta ina zan fara?
Wata malama daga Tudun Wada, Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Hadda ba laifi ba ce, an dai yi gini ne ba harsashi. Yaron da bai taɓa zana ajinsu ba, da wuya ya gane cewa taswira hoton wuri ne da aka hango daga sama.

Ki fara da ajin. Yaro ɗaya ya auna tsawo da faɗi da taku, kowane taku biyu ya zama gida ɗaya a littafin lissafi. Su sa ƙofa, taga, allo da bencina. Yaro ɗaya muka ce, don in kowa ya auna da ƙafarsa, zanen dogo da na gajere ba za su zo ɗaya ba, gardama ta cinye darasin. Mako na gaba harabar makaranta, sannan hanyar gida: masallaci ko coci, kwalbati, wurin mai shayi.

Sai kusurwoyi huɗu. Da sassafe ki fita da su fili, su ba rana hannun dama: gabansu arewa, bayansu kudu, hagu yamma. A nan akwai tarko biyu. Yara da yawa sun ɗauka alƙibla ita ce gabas sak, alhali daga Kaduna ta karkata arewa da gabas da sama da digiri 20. Na biyu, wasu littattafan da aka rubuta don yaran Turai suna cewa inuwar tsakar rana kullum arewa take nunawa. Kaduna tana kusan digiri 10 da rabi ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta inuwar kudu take faɗawa. Ki kafa sanda mai tsawon mita 1, su gani da idonsu.

Bayan haka ne za ki ɗauko taswirar. Kada ki rataye ta tukuna. Ki shimfiɗa ta a ƙasa, arewarta ta fuskanci arewa ta gaske, domin taswirar bango ce ke sa yaro ya zaci arewa tana wajen rufin kwano. Su sa dutse a kan Kaduna, su bi hanyar Zariya zuwa Kano da yatsa, su bi layin dogo daga Rigasa zuwa Abuja. Daga nan su nemo maƙwabtanmu: Zamfara, Katsina, Kano, Bauci, Filato, Nasarawa, Abuja da Neja. Sunayen ƙananan hukumomi 23 su jira aji biyar.

TAMBAYA: Ɗana ya tambaye ni inda Kogin Kaduna ya fito da inda za shi, na rasa amsa.
Wani uba daga Kawo

AMSA: Malam, daga tsaunukan Jos ya taso, ya ratsa garin Kaduna, ya shiga Jihar Neja inda aka tare shi a madatsar Shiroro don samar da lantarki, sannan ya faɗa Kogin Neja a ƙasar Nufe. Ka tara yashi a tsakar gida, gefe ɗaya tudu, ka tsiyaya ruwa da buta a kan tudun. Shi da kansa zai ga cewa ruwa gangare yake bi, ba ruwansa da kudu ko arewa. Ka danne yashin da ɗan laka, in ba haka ba ya shanye ruwan.

TAMBAYA: Mun yi ma'aunin ruwan sama da gorar roba, amma sakamakon ba ya kama hankali.
Wani malami daga Rigasa

AMSA: Galibi gindin gorar ne, don ba shafaffe ba ne. Ka samu gora mai lita 1.5 wadda jikinta ya miƙe, ka yanke samanta a inda faɗin ya daidaita, ka kifa shi ciki ya zama mazurari. Zuba tsakuwa a gindi, ka ƙara ruwa har ya rufe ta, nan ne sifili, nan za ka manna rula. A ajiye ta a fili, nesa da indararo da bishiya, a tokare ta da bulo saboda iskar farkon damina. A karanta kowace safiya a lokaci ɗaya, cikin milimita, a zubar a mayar da ruwan kan sifili. In aka bar ta kwana biyu a rana, wani ruwan ya ƙafe, ga sauro. Ku fara a Mayu ku kai Oktoba, yara su tara jimillar kowane wata a bango, su faɗa maka da kansu watan da ya fi ruwa.