Na goge finafinai da hotuna amma laftof ɗina har yanzu nauyi take, ina matsalar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne ɗan ajin ƙarshe, ina da laftof tokumbo da na saya shekara biyu da suka wuce, mai shagon ya ce min 4GB ce da 500GB, Windows 10 ce a kai. Yanzu in na kunna ta sai in je in yi alwala in dawo ba ta gama tashi ba, in kuwa na buɗe Chrome da Word lokaci ɗaya shikenan ta sandare. Abokina ya ce memori ne ya cika, na goge finafinai da hotuna kusan 100GB amma ba abin da ya canja. Sannan duk sanda na kunna ta kwanan wata ya koma baya. Fomatin zan yi mata ko sabuwa zan nema? Aikin kammala karatuna yana ciki, gaskiya ina tsoro.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Tun kafin mu je ko'ina, yau ɗin nan ka kwafi aikin karatun nan naka ka sa a filash, ka kuma tura wa kanka ta imel ko ka ɗora a Google Drive, suna ba da 15GB kyauta. Na fara da wannan ne saboda kwamfutar da ta fara irin wannan jan ƙafar wani lokacin had disk ɗinta ne yake shirin mutuwa, kuma ba ya sallama. Na taɓa karɓar wani bawan Allah a shago wanda aikinsa na shekara guda ya tafi saura sati biyu ya miƙa, ya zauna a kan benci ya dafe kai ya fi minti goma bai ce uffan ba, har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

To abokinka bai yi ƙarya ba da ya ce memori ne, inda aka samu cikas shi ne kalmar memori abu biyu muke kira da ita, kai kuma ka je ka share wanda ba shi ne mai laifin ba. Lambobin nan biyu da mai shago ya faɗa maka, 500GB ɗin shi ne ma'ajiya, 4GB ɗin kuma shi ne RAM, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne ko kusa.

Ka ɗauka ma'ajiyar nan rumbu ne, RAM kuma faifan da uwargida take ɗebo hatsi a kai ta yi aiki. Ba a tankaɗe a cikin rumbu, sai an ɗebo an kawo kan faifai. Haka furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, take, duk manhajar da ka buɗe sai an ɗebo ta daga ma'ajiya an ɗora a RAM sannan a yi aiki da ita. In faifan ƙarami ne ko da ka kwashe rabin rumbun ka zubar faifan bai ƙara faɗi ba, ka ga dalilin da ya sa 100GB ɗin da ka goge bai amfane ka da komai ba. Sannan RAM ba ya riƙe komai in babu wuta, da an kashe ya mance, shi ya sa in NEPA suka ɗauke wuta kana tsakiyar rubutu a kwamfutar tebur ba ka yi sebin ba sai aikin ya tafi. Ma'ajiya kuwa tana riƙewa ko shekara ta yi a kashe.

4GB a wannan zamanin ya yi kaɗan gaskiya. Windows 10 ita kaɗai tana zaunewa a kan kusan rabinsa tun ba ka buɗe komai ba, Chrome kuma kowane shafi da ka buɗe da nasa rabon. Da RAM ya cika Windows ba ta tsayawa, sai ta ari wani yanki na ma'ajiya tana sauke kaya can tana ɗebowa, uwargida ta koma zirga-zirga tsakanin rumbu da madafi ke nan a kan kowane tafin hannu. In ma'ajiyar taka tsohon had disk ne, wanda kusan tabbas shi ne tunda ka ce 500GB a tokumbo, to nan ne sandarewar take fitowa. Shi had disk, wato HDD, wani faifai ne a ciki yake juyawa, na laftof yawanci sau 5400 a minti, da wata 'yar allura da take bi tana neman bayanai, in ka kara kunnenka a jikin laftof ɗin za ka ji shi yana ƙir-ƙir. Da kyar yake wuce 100MB a daƙiƙa. SSD kuwa, wato sabuwar irin ma'ajiyar da take maye gurbin had disk, ba abin da yake motsi a cikinsa, irinsa da ake kira SATA yana kai wajen 500MB, wanda ake kira NVMe kuma yana kai dubbai, kuma wajen tsinto ƙananan fayiloli ne ma tazarar ta fi yawa.

Amma kar ka kashe ko sisi sai ka duba da idonka. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito, ka shiga Performance, ka buɗe Chrome da Word ɗin kamar yadda ka saba sai ka zuba ido. In Memory ya haura kashi 85 ya zauna a can RAM kake buƙata. In Disk ne ya maƙale a kashi 100 alhali ba ka kwafar komai, had disk ɗin ne. Irin taka sau da yawa duka biyun ne, kuma in kuɗin abu ɗaya gare ka ni dai SSD zan ce ka fara saya, ko 256GB ne, don shi ne za ka ji canjinsa tun daga kunnawa. Laftof ɗin da take minti uku tana tashi sai ka ga ta tashi a ƙasa da rabin minti. Tsohon had disk ɗin in lafiyarsa lau kar ka bar wa mai gyara, a sa maka shi a 'yar kwalinsa ta USB ya zama wurin ajiyar finafinanka.

In ka tashi ƙarin RAM ka kai shi 8GB, sai dai a kula, ba kowanne ne yake shiga kowace kwamfuta ba. Akwai DDR3, akwai DDR4 da ya fito a 2014, ga DDR5 na baya-bayan nan, kowanne tsagar da ke ƙasansa daban take don kar ma ya shiga ramin da ba nasa ba, in an danna da ƙarfi ramin ne zai karye. Ko a DDR3 ɗin akwai DDR3L mai ɗaukar wuta 1.35V maimakon 1.5V, wasu laftof ɗin shi kawai suke karɓa. Wasu kuma siraran nan RAM ɗinsu a liƙe yake da bodin, wato babban allon da kayan cikin kwamfuta suke kai, ba a ƙarawa. Don haka ka tafi da laftof ɗin kasuwa a buɗe a gabanka a gwada. Ka kuma duba ko Windows ɗinka 64-bit ce, don mai 32-bit ba ta iya amfani da fiye da 4GB, ko ka sa 8 ɗin asara ce.

Akwai wasu memorin guda biyu da za ka riƙa jin sunansu. Na farko kash ne (cache), yana cikin furosesa ita kanta, ɗan mitsitsi ne amma ya fi RAM sauri nesa ba kusa ba, ba a sayensa daban ba a ƙara shi, ka manta da shi. Sai ROM, wani ɗan guntu ne a jikin bodi da yake riƙe da BIOS, wato umarnin farko da kwamfuta take bi da ka danna makunni tun Windows ba ta farka ba. Masu sayar da waya in sun ce maka ROM 128GB ma'ajiya suke nufi, sunan ne kawai ya bi baki. Maganar kwanan watanka da yake komawa baya a nan gefen take, akwai ɗan batiri mai kama da kwabo a jikin bodin, yawanci CR2032, shi yake riƙe agogo da saitin BIOS in an kashe kwamfuta. Naka ya mutu. Ba shi da tsada, kuma ka canja shi da wuri domin in kwanan wata ba daidai ba birauza za ta riƙa ƙin buɗe maka shafuka tana cewa ba su da tsaro.

Fomatin kuma ba na so ya zama shi ne maganin farko kamar yadda aka mayar da shi, ciwon kai fomatin, zazzaɓi fomatin. In za a sa SSD dama za a ɗora sabuwar Windows, wannan ya wadatar. Abin da ya fi shi ne yadda za ka riƙe ta bayan nan. A Task Manager ɗin nan akwai Startup, duk manhajar da take tashi tare da Windows ba ka gayyace ta ba ka kashe ta. Masu shago suna da al'adar cika wa mutum kwamfuta da manhaja talatin don ya ga an yi masa aiki, wadda ba ka taɓa buɗewa ba ka cire ta ta Settings, ba goge hotonta a kan allo ba. Antibairos guda ɗaya ya isa, wanda ya zo da Windows ɗin ma yana aiki sosai in ana masa ofdet, biyu in suka haɗu junansu suke bincike su cinye maka RAM. Manhajojin nan masu cewa za su ƙara maka gudu ko su wanke RAM, da kuma waɗanda aka fasa ake rabawa kyauta, ta nan yawancin ƙwayoyin cutar da nake cirewa suke shigowa, sai kuma filash ɗin da ya zaga shagunan buga takardu na bakin makaranta, wanda yake mayar da foldojinka gajerun hanyoyi. Ka riƙa barin ko kashi 15 na ma'ajiya a sarari, ka kunna Storage Sense ya riƙa share tarkace da kansa, kuma SSD ba a yi masa difirag, wato sake jera fayiloli, da hannu, Windows ta san yadda take kula da shi. Sannan ka riƙa danna Restart ko sau ɗaya a sati, rufe murfi ba kashewa ba ne. In hunturu ya wuce a busa mata fanka, ƙura in ta toshe sai furosesa ta yi zafi ta rage gudu da kanta, kuma a daina ɗora ta a kan katifa.

Ofdet na san data yake ci, shi ya sa ɗalibai suke kashe shi gaba ɗaya, amma wannan ganganci ne. A watan Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama har da asibitocin Ingila, alhali Microsoft ta fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, waɗanda ba su yi ofdet ba ne abin ya ci. In data ce matsalar ka sa layin naka a Metered connection, ranar da ka samu wayifai na makaranta sai ka sake mata ta sha. Sai dai ka sani Microsoft ta daina ba Windows 10 tallafin da ta saba tun 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuma tana son TPM 2.0, wani sashen tsaro a cikin kwamfuta, da furosesar Intel ƙarni na 8 zuwa sama ko makamanciyarta, ka duba taka a Settings ƙarƙashin About. In ba ta kai ba ka gama aikin karatunka a kan Windows 10 ɗin a hankali, ka guji shiga banki da ita, bayan ka miƙa sai ka gwada Linux Mint, kyauta ce, ba ta da nauyi a kan tsofaffin laftof, kuma tana zuwa da LibreOffice da yake buɗe fayilolin Word.

Ka turo min lambar samfurin da take rubuce a ƙasan laftof ɗin da abin da ka gani a Memory da Disk, sai in faɗa maka ainihin RAM ɗin da zai shige ta. Allah ya ba da sa'ar karatu.