Dalilin da ya sa jirgin fiton Likoni ba ya juyawa

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa jirgin fito mai ɗaukar motoci daga tsibirin Mombasa zuwa Likoni, a ƙasar Kenya, ba ya juyawa idan ya isa gaɓa. Amsar ita ce an ƙera shi ne da goshi biyu, kowane ɓangare yana da farfelarsa da ƙofar ƙarfe da ake saukewa ta zama gadar hawa, saboda haka motar da ta shiga ta wannan ƙofa za ta fita ta waccan ba tare da direba ya yi ribas ba.

Mashigin bai wuce kimanin mita 500 ba, kuma ta nan manyan jiragen kaya ke bi zuwa tashar Kilindini, don haka juyi a tsakiyar ruwa ɓata lokaci ne da tare hanya. Tun 1937 ake wannan fito. Abin da na lura da shi lokacin da na ƙetara shi ne, idan ruwan teku ya janye, gangaren shiga yakan yi tsauri har ƙasan ƙaramar mota ya gogi ƙarfe, saboda haka ka shiga a hankali, kana tsayawa kuma ka ja birkin hannu.