Daga ina zinaren Bagega ya fito?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko zinaren ƙauyen Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka a jihar Zamfara sabon abu ne, da kuma dalilin samunsa a can. Ba sabo ba ne.

Yankin yana kan wani zirin tsohon dutse mai ɓarewa falle-falle. Kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, ƙasa ta matsu ta tsattsage, ruwa mai tsananin zafi ya biyo tsagogin ɗauke da ma'adinai, ya daskare ya zama jijiyoyin farin dutse. A cikinsu zinaren yake. Shi ya sa za ka ga rami ɗaya ya yi albarka, na kusa da shi ko ƙwaya babu. Haka abin yake a Maru da Birnin Gwari.

Tun 1913 aka fara rubuta lissafin zinaren da ake haƙa a Najeriya. Harkar ta bunƙasa a shekarun 1930, yaƙin duniya na biyu ya durƙusar da ita, Turawa suka bar ramukansu.

Abin da ya fi damuna shi ne, jijiyoyin Bagega suna haɗe da dalma. Da farashin zinare ya tashi, mutane suka riƙa daka dutsen a cikin gidaje, ƙurar ta shiga abinci da ruwa. A 2010 aka gano gubar, yara sama da 400 suka rasu a Zamfara. Don Allah, kafin kowa ya sa kuɗinsa a rami, ya kai dutsen a gwada shi tukuna, kuma kada a daka shi inda yara suke.